Kyaftin da al'adun mutane a Star Trek

A shirin Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna a Amurka daga 1987 zuwa 1994, akwai wani ɗan ofis a gefen ɗakin da ake tuƙa kumbon Enterprise. Duk jami'in da Kyaftin Picard ya ce ya same shi a can, to ya san ba shayi za a ba shi ba. A nan ake faɗa, kuma wanda faɗan al'ada ya fi faɗa wa shi ne Worf, ɗan ƙabilar Klingon na farko da ya sa kakin rundunar Starfleet.

Abin lura shi ne rundunar tana da babbar doka da ta hana ta tsoma baki cikin al'amuran sauran duniyoyi, kuma Picard ya fi kowa riƙo da ita. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro Star Trek na asali, wanda aka fara nunawa a 1966, lokacin da Amurka ke tsundum cikin yaƙin Biyetnam, don haka ba abin mamaki ba ne a so jarumin da ya san iyakarsa. Sai dai in mutum ya zuba ido, zai ga haƙurin kyaftin da al'adar wasu yana da ma'auni, kuma ma'aunin shi ne: wuyan wa ke kan wuƙa?

A wani kashi na 1991, masanin kimiyya Timicin ya zo cikin kumbon yana neman hanyar farfaɗo da ranar duniyarsu da ke mutuwa. Al'adar mutanensa ita ce duk wanda ya kai shekara 60 a yi masa taro ya kashe kansa, kada ya zama nauyi ga 'ya'yansa. Lwaxana Troi, wadda ta kamu da sonsa, ta roƙi Picard ya sa baki, ya ce ba huruminsa ba ne. Gaskiya da Timicin ya nemi mafaka an ba shi, amma da 'yarsa ta zo ta nuna masa kunyar da ya jawo wa gida, ya koma, ba wanda ya tare ƙofa.

To a 1987 fa? Yaro Wesley Crusher yana wasan ƙwallo a duniyar mutanen Edo, ya faɗa kan wasu shuke-shuke da aka killace, hukuncinsu kuwa kisa ne. Picard ya yi ta kai-kawo, ya yi dogon jawabi a kan adalci, ƙarshe ya ɗauke yaron ya tafi. Wesley ɗan likitar kumbon ne, mahaifinsa kuma abokin Picard ne da ya mutu a ƙarƙashin jagorancinsa. Ni ma da ni ne haka zan yi. Amma kada a ce doka ce ta yi aiki a ranar. Ɗan gida ne aka ceta.

Lamarin Worf ya fi ɗaukar hankalina, domin shi baƙo ne kuma ma'aikaci. Da wani ɗan Klingon mai suna Duras ya kashe K'Ehleyr, uwar ɗan Worf, Worf ya cire bajen sadarwar da ke ƙirjinsa kafin ya ɗauki takobin gidansu. Wannan ɗan motsin hannu ya isa bayani: ya san akwai abin da ba a yi da kaki. Ya je ya kashe Duras, hukumar Klingon ta ce ramuwar ta halatta, magana ta ƙare. A wajen Picard ba ta ƙare ba. Ya tsayar da shi, ya tambaye shi ko yana so ya ajiye aiki, sannan ya sa a rubuta masa gargaɗi a fayil. Ran mutum guda ya tafi, hukuncin takarda ce. Da alama kyaftin bai yarda a ransa cewa kisan kai ne ba, abin da ya dame shi shi ne jami'insa ya fita daga layi.

Ba na ganin laifin shugaban da ya ce a ƙarƙashin ikona ba za a zubar da jini ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda jami'an suke yi kamar su ba su da al'ada, sai hankali tsantsa, alhali laifi tudu ne.

A wani shirin Star Trek ɗin, Deep Space Nine, a 1996, Kurn ƙanen Worf ya rasa mutuncinsa da kujerarsa a majalisar Klingon, ya nemi wansa ya kashe shi bisa al'ada don ya mutu da daraja. Worf ya soke shi, aka yi maza aka ceto shi, Kyaftin Sisko ya yi wa Worf kaca-kaca, ya ce girmama al'adu yana da iyaka. Mafitar da aka samu ita ce Likita Bashir ya goge wa Kurn duk abin da ya sani, aka sauya masa fuska da suna, aka damƙa shi ga wani gida a matsayin ɗansu. Wuƙa ta jawo faɗa, wannan kuwa ba wanda aka kira ofis a kansa, kuma ba a nuna an tambayi Kurn ko ya yarda ba.