Kwana goma sha biyar ina gadin karya

Wata shekara bayan an gama yankan hatsi, aiki ya kai ni Belbeji domin in ɗauko labarin farashin bisashe, sai wani dattijon Buzu, tsohon aminin mahaifina, ya riƙe ni kwana a zangonsa. Da gari ya waye zan koma Tanut, ya sa aka kawo mini ƴar kwikwiya cikin tsumma ya ce: «Ɗana, ba ni da abin da ya fi wannan.» Kyautar babba ba a mayar da ita, na sa hannu biyu na karɓa.

Irin karnukan nan ne masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, waɗanda Buzaye ke kira oska, Turawa kuma suka laƙaba musu sunan kwarin Azawak. Tun farkon shekarun 1970 aka fara kai su Turai, yau kuwa har gasar nuna kyau ake shiga da su a Faransa da Amurka. Na taɓa karanta wannan a mujallu tun ina lise a Damagaram, kuma in faɗi gaskiya, sanin nan ne ya ruɗe ni. Na yi lissafin ɗan kasuwa alhali ko tebur ban taɓa kasawa ba: in ta girma ta haihu, ai ga manyan ma'aikata da alhazai masu shaguna da ke neman karen tsaro, kowane kwikwiyo zai kawo ƴan jikkuna.

Abin da ban lissafa ba shi ne bambancin daji da gida. A zangon makiyayi kare ma'aikaci ne. Yana korar dila da kura daga garke, yana bin zomo, yana da filin gudu iyakar ganin ido, kuma baƙo ba ya isowa sai an hango shi tun daga nesa. Gidanmu na Tanut kuwa katanga huɗu ne da zaure, kuma zauren nan ba a rufe shi: almajiri zai shigo, mai tallar fura za ta shigo, ƴaƴan maƙwabta kuwa ba su san inda gidansu ya ƙare namu ya fara ba. Dabbar da aka halitta don gudu na ɗaure ta a gindin bedi, na ce ina kiwo.

Ciyarwa kaɗai ta isa aiki. A Damargu, inda damina ɗaya in ta ƙi sai kowa ya shiga auna gero da tiya, ba ƙaramin abu ba ne a ga kana dafa wa karya tuwo da nono. Na koma karɓo mata huhu da hanta da mahauta suka yar, sai daga baya likitan dabbobi ya nuna mini cewa ƙululun ruwan nan da ake gani jikin huhun tunkiya tsutsa ce. Kare ya ci ɗanye, ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito cikin kashinsa, yaro mai wasa da ƙasa ya kai hannu baki, bayan shekaru a same shi da irin ƙululun nan a hanta. Ashe arahar da nake murna da ita cuta nake sayowa.

Da ta isa, na kai ta wajen wani namiji irinta. Bayan wata biyu da ƴan kwanaki ta zuba shida. Masu cewa «ka ajiye mini ɗaya» duk suka ɓace, in ban da mutum biyu, su ma kyauta suke so. Limamin unguwarmu, da na kai masa kuka, dariya ya yi ya ce: «Malam ɗan jarida, da ka tambaya tun farko.» Ya tuna mini cewa shari'a ta yarda da karen farauta da na kiwo da na gona, amma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk muka ji ana karantawa a zaure, ta hana cinikin kare, saɓanin malamai kuwa a kan wanda aka yarda a riƙe ne kawai. Ya ƙara da labarin da masu sharhi ke bayarwa, wai shi kansa mai Risalar ya ajiye kare a gidansa na Ƙairawan lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya ga zamaninsu, da zaki zai ajiye. Wato larura tana da hukuncinta. Ni kuwa katangata lafiyarta lau, kwaɗayi ne kawai.

Ranar da abin ya faru ina cikin ɗaki ina rubutu. Ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara bakwai, ya shigo kamar kullum ya kai hannu zai ɗauki kwikwiyo ɗaya. Karya mai jego ba ta san maƙwabci ba. Ta kama shi a sangali, haƙora biyu suka shiga.

Kakarsa ta ce a tsige gashin karyar a ƙona a shafa. Na roƙe ta: «Inna, ki yi mini haƙuri, a bar ni da sabulu tukuna.» Wannan kaɗai na yi daidai a ranar: na wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, kamar yadda likitoci ke cewa. Da muka je wajen likitan dabbobi, tambaya ɗaya ya yi mini: an taɓa yi mata allurar haukan kare? Tun tana wata uku ya kamata a yi. Ni da ke rubuta wa mutane cewa rigakafi ya fi magani, sai na sunkuyar da kai. Ya ce a ɗaure ta kwana 15 ana dubawa, yaron kuma a fara yi masa allura ba tare da jira ba. Ranar ba a samu maganin kusa ba, sai da muka shiga mota zuwa Damagaram, kilomita wajen 150, ni da uban yaron, ba mai ce wa wani uffan.

Mai karatu, ciwon nan ba a yi masa wasa. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Ciwon cizon ya warke, kowa ya manta, sannan zazzaɓi ya zo, mutum ya ga ruwa ya kasa haɗiya. In an kai nan, sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59.000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma na waɗanda ake ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin, maganin ba sabo ba ne: tun watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da allura a Faransa. Masana sun nuna in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma rigakafi a yanki, cutar takan yanke. Tawa tana cikin ukun da ake bari.

Kwanakin nan goma sha biyar ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Kowace asuba kafin in tafi masallaci sai na haska ta da tocila: ta sha ruwa? Yawu na zuba? Muryarta ta sauya? An yi wa yaron allurar ranar farko, da ta rana ta 3, da ta rana ta 7, duk daga aljihuna, kuɗin da ya ninka abin da na yi mafarkin samu a kan kwiyakwiyan shida. Uban yaron bai kai ni ƙara ba, bai ɗaga murya ba. Rana ɗaya kawai, muna fitowa daga sallar isha'i, ya ce: «Maƙwabci, da ni na ajiye ta, ɗanka ta ciza, me za ka ce mini?» Har yau ban ba shi amsa ba.

Allah ya rufa asiri, karyar lafiyarta ƙalau. Na sa aka yi mata allura, ita da ƴaƴanta da suka kai wata uku, na mayar da ita Belbeji tare da uku daga cikinsu. Dattijon bai tambaye ni dalili ba, ya dai dubi wuyanta inda igiya ta cinye gashi. Biyu suna wajen wani mai garka a bayan gari. Na shidan wani ma'aikaci na ba, kuma da aka yi masa canjin wurin aiki ya loda kujeru da katifu a mota ya bar shi a ƙofar gida, kamar yadda da yawa ke yi. An ce mini ana ganinsa da dare wajen mahauta cikin ayarin karnukan da ba su da mai su. Sau uku ina zuwa nemansa da igiya a hannu, ban same shi ba.