Ɗan Hakin Da Aka Raina

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda yake son ganin inda wannan magana ta tabbata, sai ya dubi farkon labarin Roy Keane, ɗan ƙwallon ƙasar Ayilan.

An haife shi a birnin Cork ran 10 ga Agusta, 1971, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Tun yana ƙanƙane ya shiga wata ƙungiyar yara da ake kira Rockmount, ya kuma taɓa dambe. Da aka zo zaɓen yaran da za su wakilci ƙasa, watau 'yan ƙasa da shekara 15, sai masu zaɓe suka ce jikinsa ya yi ƙanƙanta. Ya zauna ya yi ta rubuta wasiƙu zuwa ga ƙungiyoyin Ingila yana roƙon a gwada shi, amma babu wadda ta ce ya zo. A 1989 ya shiga Cobh Ramblers, wata ƙaramar ƙungiya kusa da garinsu.

To, a watan Fabrairu na 1990 samarin Cobh suka tafi Dublin, babban birnin ƙasar, don karawa da Belvedere a gasar cin kofin matasa. Ranar ba su ji da daɗi ba, gama ci huɗu aka yi musu ba ko ɗaya. A irin wannan hali yawancin 'yan wasa gwiwarsu takan yi sanyi, su zuba ido ga alƙalin wasa ya hura usur. Keane kuwa bai sassauta ba, ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka tashi. Ashe a bakin fili akwai wani mutum, Noel McCabe, mai nemar wa Nottingham Forest ta Ingila 'yan wasa, idonsa kuma yana kan yaron.

Aka kira shi gwaji, mai horad da ƙungiyar, Brian Clough, ya yaba, aka saye shi a kan fam 47,000. Cikin Agustan shekarar, yana da shekara 19, aka jefa shi wasa da Liverpool a filinta na Anfield.

Duk da haka bai huta ba. Kewar gida ta dame shi, har Clough yakan ba shi 'yan kwanaki ya je Cork ya ga iyayensa. Wannan Clough ɗin ne kuma ya kai masa naushi a ɗakin sauya kaya a farkon 1991, don wani kuskure da ya jawo Crystal Palace ta zura musu ƙwallo. Yaro ya haɗiye, ya koma fili. A shekarar ya buga wasan ƙarshe na kofin FA, ya kuma fara sa rigar ƙasarsa. A 1993 Manchester United ta saye shi a kan fam miliyan 3.75, kuɗin da ba a taɓa biya ba tsakanin ƙungiyoyin Birtaniya kafin sa'an nan.

Abin lura ga samari shi ne, ƙofar da wasiƙu suka kasa buɗewa, wasan da aka riga aka rasa ne ya buɗe ta. Da ya saki jiki a ranar nan ta Dublin, watakila da McCabe ya naɗe takardarsa ya tafi, ba a sake jin labarinsa ba. Ranar nasara kowa jarumi ne. Ranar da aka sha kashi ake gane namiji, mutum kuwa bai san wanda yake tsaye a bakin fili ba.