Kumasi, garin Tonawa: labari domin masu niyyar tafiya biɗa

Kowace shekara, in an gama girbi an zuba dammuna cikin rumbu, sai samari su fara shawarar tafiya biɗa. Wasu su nufi Kano ko Legas, wasu Abijan, wasu kuma Gana. Cikin garuruwan Gana, Kumasi na cikin waɗanda mutanen Nijar sunka fi sani. Ga labarin garin, da abin da ya kamata mai son zama can shi sani tun bai ɗaure kaya ba.

Kumasi shi ne babban birnin Asante, waɗanda Hausawa ke ce ma Tonawa. Cikin kurmi yake, kamar kilomita 250 daga Akara, babban birnin ƙasar. Sarkin Asante, Osei Tutu na biyu, ya hau sarauta a 1999, fadarshi tana unguwar Manhiya. Ƙasa ce ta ruwa da manyan itatuwa. Damina biyu gare su cikin shekara guda. Ba a noma gero wajen. Abin da suke nomawa shi ne rogo, doya, ayaba, masara, da koko wanda ake saida ma Turawa.

Hausawa ba yau sunka san hanyar nan ba. Tun kakanni, fatake na kora jakuna zuwa Gwanja da kanwa da tufafi, su komo da goro. Babbar kasuwarsu Salaga ce. A 1892 yaƙin sarauta ya watse Salaga, fatake sunka bazu, wasu sunka gangara kudu har Kumasi. Inda sunka sauka shi anka kira Zango. Har yau duk unguwar baƙi Musulmi a Gana sunanta ke nan. A Kumasi akwai Sabon Zango, da Aboabo, da Asawase, da wasunsu. Wanda ya sauka nan sai shi ce gida yake: ga masallatai, ga makarantun allo, ga mai koko da ƙosai da safe, kowa Hausa yake yi, Bazabarme da Bamoshe da Badagombe duka. Amma Hausar Zango ta ɗan bambanta, ta sha Tonanci da Ingilishi. Kuma da mutum ya fita unguwar ya shiga kasuwar Kejetiya, wadda ke cikin manyan kasuwannin Afirka ta yamma, Tonanci ne ke aiki. Baƙon da ya koyi gaisuwa da ƙirga cikin harshensu, cinikinshi ya fi na wanda ya tsaya ga Hausa kaɗai.

Hanya tana da nisa. Daga Yamai ana bi ta Burkina, a shiga Gana ta Bawku ko ta Paga, a wuce Bolgatanga da Tamale da Teciman kafin a iso. Sai dai gabashin Burkina ya sha fama da ƴan bindiga. Wasu kuma kan bi ta Gaya, su ratsa Benin da Togo. A 2023 anka rufe gadar Gaya da Malanbil, matafiya sunka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa. Saboda haka kada a tashi sai an tambayi direbobin tasha da waɗanda sunka komo kwanan nan wace hanya ke biyuwa.

Maganar takardu ita ce babba, ita ce kuma samari sunka fi yi ma sakaci. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu shi bar Gana. Dubban mutane sunka fita, cikinsu da ƴan Nijar masu yawa. Wasu can anka haife su. Sunka saida gida da kayan sana'a da araha, wasu ma sunka baro su hakanan. A 1983 Najeriya ta yi irin wagga kora. Tsofaffin da sunka ga abin da idonsu suna nan cikin ƙauyuka, a tambaye su.

A 1979 ƙasashen Sedeyawo sunka yarda ɗan ɗayansu shi shiga ɗayar ba tare da biza ba, shi yi kwana 90. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina. A lokacin, Sedeyawo ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasashen nan uku har sai an sake shawara. Abin da anka ce "har sai an sake shawara" kuwa, yana iya sakewa kowace rana. Don haka mai tafiya shi riƙe fasfo ko katin dantite mai rai, da takardar allurar rigakafin shawara, don ana tambayarta a iyaka. Wanda zai wuce kwana 90, sai shi je ofishin shige da fice shi nemi izinin zama. Akwai kuma katin baƙi da Gana ke bayarwa, ana biyan kuɗi, ana sabunta shi kowace shekara. Ofishin jakadan Nijar yana Akara. Takardun nan a yi masu hoto, a bar kofi guda gida wajen wani babba.

Baƙo ko da ido makaho ne. Kada mutum shi tashi bai san gidan wanda zai sauka ba. A Zango kowace kabila tana da sarkinta, ƴan kowane yanki kuma sun san juna. Sabon zuwa shi sa mai masaukinshi shi kai shi shi gaida shugaban mutanensu. Ranar rigima da ƴan sanda, ko ciwo, ko mutuwa, su ne masu tsayawa. Hayar ɗaki tana da wuya. Doka ta ce kada mai gida shi karɓi fiye da kuɗin wata 6 gaba ɗaya, amma da yawa sai sun karɓi na shekara guda ko biyu. Shi ya sa samari ke cunkusa biyar ko shida ɗaki ɗaya. Ga sauro kamar ƙasa. Gidan sauro ba shi da nauyi, a sa shi cikin kaya.

Sana'o'in da ƴan Nijar sunka saba yi can su ne dako, wanda mutanen Gana ke ce ma kayakaya, da gadi, da fawa, da tsire, da tallan yadi, da sayen tsofaffin ƙarafa. Akwai kuma cinikin albasa. Albasar Galmi da Madawa tana zuwa Kumasi da Akara cikin manyan motoci, mutane da yawa suna cin abinci ta wajen sauke ta da saida ta. Amma a sani, dokar Gana ta 2013 ta keɓe ma ƴan ƙasa ƙananan cinikin kasuwa da talla. Sau da yawa ana kau da kai. In ƴan kasuwar gari sun tashi fushi kuwa, sai su kulle shagunan baƙi, kamar yadda anka yi a Kumasi a 2019. Mai hankali ba ya zuba duk jarinshi cikin shago guda.

Abu biyu ne ya kamata a nisanta. Na fari ginar zinariya ta ɓoye, wadda suke kira galamse. Doka ta hana baƙo shiga ƙananan ginar zinariya. Ramu na ruftawa da mutane, wanda ya tsira kuma soja su kama shi. Na biyu bara. A watan Mayu na 2025 hukumar shige da fice ta kame mabarata fiye da 2,000 a Akara, mafi yawansu ƴan Nijar, da mata da yara ƙanana, anka maido su gida. Duk wanda ya zo ƙauye yana neman a ba shi yara shi kai su Gana, a bincike shi ƙwarai.

Makiyaya ma suna da nasu. Ciyawa tana da yawa, amma kurmi akwai tsando, shanun arewa ba su jimre shi. Ƙasa kuma tana hannun sarakuna da masu gona. A Agogo, gabas da Kumasi, an sha yin faɗa tsakanin makiyaya da manoma, an kashe mutane, soja da ƴan sanda sun harbe shanu.

Kuɗin Gana sidi ne, ba sefa ba. Darajarshi tana hawa tana sauka. A 2022 ya faɗi ƙwarai, wanda ya ɓoye sidi cikin akwati ya iske abin da ya tara ya rage. Gara mutum shi riƙa aikawa gida kaɗan kaɗan, a saya mashi akuya ko hatsi, da shi jira sai ya tara jikka ɗari.

Wasu rani kaɗai suke ci, da hadari ya taso sai su komo su yi shuka. Wasu kuwa zama ya kama su, su yi aure, ɗiyansu su shiga lakol ta Ingilishi. Mai niyyar irin wanga zama, tun kafin shi tafi, shi shirya maganar gonarshi. In aro ya ba wani ko jingina, a yi shi gaban mai gari da shaidu, a rubuta takarda wajen kwamitin ƙasa da ake kira kofo, a faɗi iyakar gonar da shekarun da anka yi alkawari.