Dokin SDP, Mikiyar NRC da Digirina

Warin kananzir da man fenti ne ya fara tarbata a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, a 1986. Har yau in na gifta inda ake wanke burushi sai gabana ya ɗan faɗi, don ni a wurina warin nan da lissafin kuɗi yake tafe. A shekarar ce gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira, mu kuwa kusan duk kayan aikinmu daga waje ake shigo da su: fentin Winsor & Newton, burushi, takarda mai kauri. Ɗalibin lauya yana iya aron littafi ya mayar. Fenti kuwa ba a aronsa, in ka matse ya tafi ke nan.

Baba dillalin auduga ne a Funtuwa. Bai hana ni karatun zane ba, tambaya ɗaya kawai ya yi mini yana duban tasbaharsa: "In ka gama, wa zai ɗauke ka?" Na ce gwamnati, ko masaƙun Kakuri da ke Kaduna, su ma suna neman masu zana adon atamfa. Kawuna ya kwashe da dariya, ya ce shekara huɗu a jami'a don a koyi fenti, alhali ga wani can bakin tasha yana yi, ko firamare bai taka ba. Damuwar Inna daban ce. Ta ja ni ɗaki ta ce, "Don Allah ka rage zana masu rai, ka san abin da malamai ke faɗa." Na yi mata alkawarin da ni da ita duk mun san ba zan iya cikawa ba.

A sashen kuwa an cika mu da alfahari, kuma da dalili. A nan Zariya ne, tun wurin yana kwaleji, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai ba. Sunayensu muke ji safe da yamma. Cikin malaman zamaninmu akwai marigayi Gani Odutokun, wanda ya shahara da tsinka fenti ya bar shi ya malala a kan ƙyalle har siffa ta fito. Ina tsaye gaban aikinsa jikina na tsuma don kyau, wani ɓangare na kaina kuma yana ƙirga kwanon garin rogo nawa ne ya malale a wurin.

Dabara muka koya. Mu sayi akoko a kasuwar Sabon Gari, mu ja shi a kan firam ɗin da kafinta ya haɗa, mu shafe shi da farin fentin gida da gam. In farin fenti ya ƙare mu yanka bututun da reza mu kankare cikinsa. Na sha sayar da abincin rana in sayi shuɗi. An koya mana ƙirar jikin mutum, da haske da inuwa, da tarihin zane daga Nok zuwa Faransa. Abin da ban ji an taɓa zama an yi mana bayani ba shi ne yadda ake yi wa zane kuɗi, da wa ake kai wa, da abin da za ka ce in mai saye ya taya rabi. A lokacin ban ga giɓin ba. Maganar kuɗi a ɗakin zane kamar abin kunya ce a wurinmu.

Na gama a 1990, na yi bautar ƙasa, na dawo Kaduna da takardar digiri cikin leda da zane-zanena a naɗe. Masaƙu sun fara tari, ba su ɗaukar sabbin mutane. Masu sayen zane kuwa suna Legas, sai 'yan tsirarun Turawa da ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Alhazawanmu masu kuɗi sun fi son agogon bango da hoton Ka'aba da aka buga a waje. Wani babban mutum ya taɓa sa na zana shi, da na faɗi kuɗin sai ya tambaye ni ko ban san akwai mai hoto a layinsu ba.

Yunwa ce ta kai ni rumfar wani mai rubuta allunan shaguna a Tudun Wada. Maigida, kamar yadda muke ce masa, allo kawai ya yi, boko kuwa a jikin motoci ya koyi haruffansa. Ya duba zane-zanena ɗaya bayan ɗaya, ya jinjina kai, sannan ya miƙo mini burushi ya ce, "To Malam Digiri, rubuta mini 'Ana Sayar da Ƙanƙara' a nan." Hannuna ya yi rawa. Na auna, na ja layi da alli, na rubuta. Shi kuwa ya karɓa ya yi nasa a ƙasa ba awo ba alli, haruffan suka jeru tsaf. Yaran rumfar suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Irin wannan mutumin ne kawuna yake nufi, kuma shi ne ya fara biyana kuɗi da sunan zane.

Sai ga 1993. Jam'iyyu biyu ne rak, SDP mai doki da NRC mai mikiya, kowacce tana son tambarinta a kowane bango da kowane ƙyalle. A nan karatuna ya yi rana. Dokin Maigida kan fito da ƙafafu kamar na tebur, nawa kuwa kana ganin jijiyar cinyarsa, don na yi shekaru ina zana dawakin hawan sallah a Zazzau. Da safe mu yi doki, da yamma mu yi mikiya, da fitilar ƙwai muke ƙarasawa. Ban taɓa riƙe kuɗi kamar na watannin nan ba, da su na yi lefe. Ranar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni muna da tulin ƙyallaye da ba a biya ba. Gari ya yi tsit, ana ta raɗe-raɗin za a yi rikici, 'yan kudu suna ɗaure kaya suna cika tasha. Maigida ya sa muka tura ƙyallayen ƙarƙashin benci, muka rufe rumfa. Na kwana ina jin ko wane motsi a waje, ina tunanin in aka fasa rumfar wane tambari za a fara gani.

Daga baya na samu koyarwa a wata sakandaren gwamnati, a matakin albashi na 8, inda ake fara ɗora duk mai digiri. Jami'in da ya karɓi takarduna bai buɗe zane ko ɗaya ba. Da tarihi na karanta ko kimiyyar ƙasa, albashin ɗaya ne. Makarantar ba ta da fenti, da alli nake koyar da launi. Na raina aikin ƙwarai, ina ganin Maigida yana samun albashina na wata a mako mai kyau.

Bayan shekara ta 2000 injinan buga manyan hotuna suka shigo. Yaro da kwamfuta zai haɗa maka allo da hoton fuskarka kafin la'asar, a farashin da bai kai kuɗin fentinmu ba. Zuwa zaɓen 2007 da wuya ka ga ɗan takara ya nemi mai burushi. Masaƙun Kakuri da na yi wa Baba alkawari su ma an rufe su ɗaya bayan ɗaya. Takardar nan da ke cikin leda ita ta ci gaba da kawo albashi ƙarshen wata, ko da a makare, ita ta biya wa 'ya'yana makaranta. A 2007 ɗin ne aka fito da sabuwar naira 20 mai hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ba ta zauna ajin jami'a ba sai digirin girmamawa da jami'armu ta ba ta a 1977. Wani abokin karatuna ya ce ita kaɗai ce a sana'armu ta shiga kuɗi dumu-dumu.

A 2018 aka yi gwanjon zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan kan fam miliyan 1.2. Malamai suka yi mini caa a ofis, wai ashe ina zaune kan dukiya. Na ce musu mai zanen ya rasu tun 1994. Cikin 'yan ajinmu akwai wanda ya koma Legas ya dage har ya yi suna, zanensa ɗaya ya fi albashina na shekara, kuma ya cancanta. Sauranmu malamai ne, da ma'aikatan banki, da mai kiwon kaji.

Na je gai da Maigida bayan ya tsufa. Rumfar ta koma wurin cajin waya, sai ɗan lungu da ya rage masa inda yake rubuta lambobin Keke Napep. Ya kira ƙaramin ɗansa ya ce ya gaishe ni, yaron ya durƙusa. "Malam Digiri, wannan yana da hannu, ya fi ni," in ji shi. "So nake ya yi irin karatunka. Nawa ake kashewa yanzu?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko ana iya biya kashi biyu.