Komowata Daga Umra Ba Akwati

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin abin da ya same ni a hanyar komowa daga Makka, gama in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ni mutumin Balan ne, cikin ƙasar Gaya, gabas da birnin Kano. Cikin azumin 1446, watau Maris 2025, Allah ya nufe ni da zuwa Umra. Da labari ya bazu sai masu saƙo suka yi ta sallama. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta sayar da akuyarta, ta ce in sayo mata darduma da carbi. Wani malami ya ba da kuɗin Alƙur'ani bugun Madina. Saƙon mutum 11 na rubuta a littafina.

Na bi ta Gaya, na ƙetare gadar Wudil, na isa filin jirgin sama na Kano. A zaune ina tuna yadda zamani ya juya. Kakanninmu ƙasa suka bi, ta Barno da Sudan har bakin Bahar Maliya, waɗansu su shekara bakwai ba su komo ba. Sai a Nuwamba 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano, sa'ad da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar. Yau ga shi tsakanin Kano da Jidda kamar sa'a biyar ce. Amma mai tafiyar ƙasa kayansa na bisa jakinsa, yana ganinsu. Mu kuwa sai mu miƙa namu ga wanda ba mu sani ba, a ba mu 'yar takarda kamar faɗin yatsa biyu.

Wajen komowa muka yada zango a wani birni, muka sake jirgi. Da muka sauka Kano na tsaya bakin injin nan mai zagayawa da kaya. Kowa ya ɗauki nasa, inji ya tsaya, ba akwatina. Nawa kayan ban damu da su ƙwarai ba. Amma me zan gaya wa tsohuwar nan? Wa zai hana a ce na ci amana?

Har na nufi ƙofa, sai wani dattijo, ɗan kasuwa da ya saba tafiya, ya ce, "Malam, kada ka fita sai an rubuta maka." Ya kai ni wurin akawun cigiyar kaya. Akawu ya nemi 'yar takardar nan mai lamba, wadda saura kaɗan in yar a Jidda. Ya tambayi launin akwatin da girmansa da abin da ke ciki, ya cika wata takarda da suke kira PIR, ya ba ni lambar cigiya, wadda ake bin sawun kaya da ita a filayen jirgi na duniya.

Na isa Balan hannu rabbana. Masu barka da zuwa suka cika zaure. Ba wanda ya tambayi saƙonsa, amma na ga ana duban bayana. Na karanta musu takardar, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ran kwana 12 aka bugo waya, aka ce an same shi a birnin da muka sake jirgi. Da na kai wa tsohuwa dardumarta sai ta ce, "Ai ɗan nan, da ma ban zarge ka ba." Allah ya saka mata.

To, jama'a, ga abin da na koya. Akwai yarjejeniya da ƙasashe suka ƙulla a Mantiriyal ta Kanada a 1999, Nijeriya da Saudiyya duk suna ciki. Bisa ga ita, in kaya suka kwana 21 ba su iso ba, mai su yana da ikon neman diyya. In sun iso a fashe, sai ya kai kuka a rubuce cikin kwana 7. In jinkiri ya jawo masa hasara, cikin kwana 21 daga ranar da ya karɓa. Ƙara gaban shari'a kuwa ba ta wuce shekara 2. Diyyar tana da iyaka: tun 28 ga Disamba 2024 ba ta wuce SDR 1,519 ga mutum guda, watau wajen dalar Amurka 2,000, sai fa in ya bayyana darajar kayansa tun wurin awo, ya biya ƙari.

Saboda haka, ka tsare 'yar takardar nan kamar fasfonka. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka ciki da wajen akwati, ka ajiye rasiɗin abin da ka saya. Kuɗi da magani da takardu su zauna a jakar hannunka. Malamai da akawuna, don Allah ku karanta wa maniyyatan garuruwanku wannan.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Balan, Gaya.