Orvieto, Garin da Ya Haƙe Cikin Dutsensa

Daga Roma, jirgin ƙasa na yin awa ɗaya da 'yan mintoci kafin ya sauke mutum a gindin dutsen Orvieto, a yankin Umbria na tsakiyar Italiya. Garin yana can bisa, kan wani faffaɗan dutse da gefensa ya miƙe tsaye ta kowace fuska. Wani ƙaramin tarago da igiyar ƙarfe ke ja ne yake kai fasinja sama. A 1888 aka fara hawa ta wannan hanya, kuma a farkon lamarin nauyin ruwa ne ke jan taragon.

Yawancin baƙi babbar majami'ar garin suke nufa kai tsaye, kuma ba laifinsu. An aza harsashinta a 1290, fuskarta cike da sassaƙa da zane mai ruwan zinare, bangonta kuwa layin farin dutse ne da na baƙi, ɗaya bisa ɗaya. A ciki akwai zanen ranar tashin alƙiyama da Luca Signorelli ya fara a 1499. Na kalla, na yaba. Amma a ganina, tarihin Orvieto na gaskiya yana ƙarƙashin ƙafar mai tafiya.

Dutsen tokar aman wuta ce da ta daskare, ga taushi, magirbi ma yana cinsa. Mutanen Etruska, waɗanda suka zauna a nan kafin Romawa su ci garin da yaƙi a shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), su suka fara haƙa rijiyoyi da rumbunan ruwa a cikinsa. Waɗanda suka biyo bayansu suka ɗora. Yau an ƙidaya koguna sama da 1,200 a ƙarƙashin gidaje: wani wurin matsar man zaitun, wani ma'ajiya, wani mafaka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne ɗakunan tattabaru. An fafe ƙananan ramuka jere a bango, an buɗe taga ta gefen dutse. Tattabara ta fita kiwo da kanta, ta dawo ta yi ƙwai, mai gida ya samu nama ko da abokan gaba sun kewaye gari. Duk mai kiwon tattabaru zai gane dabarar nan take. Har yanzu naman tattabara na cikin abincin gargajiyar garin. (Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci abinci a nan, don naman aladen daji ya yawaita a miyarsu.)

Tsoron kewaye ɗin nan ne ya haifi rijiyar da ake kira Pozzo di San Patrizio. A 1527 sojoji suka wawashe Roma, Fafaroma Clement na Bakwai ya gudo Orvieto. Ganin gari kan dutse ƙishirwa ce ajalinsa, sai ya umarci Antonio da Sangallo ƙarami ya haƙa rijiya. An gama a 1537, bayan rasuwar Fafaroman. Zurfinta ya kai mita 53, faɗinta 13. Matakala biyu ne suka naɗe ta, ɗaya ta sauka ɗaya ta hawa, ba sa haɗuwa, domin dabbobin da ke ɗauko ruwa kada su yi karo. Matakai 248 ne zuwa bakin ruwa. Saukar da daɗi, iska mai sanyi, haske na shigowa ta tagogin da aka fasa a jikin rijiyar. Hawan ne ke tuna wa mutum shekarunsa.

Bukukuwan garin na addinin Katolika ne. A garin nan Fafaroma Urban na Huɗu ya kafa bikin Corpus Domini a 1264, kuma duk shekara ɗaruruwan 'yan gari kan yi jerin gwano da tufafin zamanin da, da tutoci da ganguna. A 1999 Orvieto na cikin garuruwa huɗu da suka kafa ƙungiyar Cittaslow, masu neman a rage gaggawa, a kare abinci da sana'o'in gida. Da azahar kantuna da yawa kan rufe, sai wajen ƙarfe huɗu su buɗe. Wanda zai je ya yi sayayyarsa da safe, ya bar rijiyar zuwa lokacin da rana ta take.