Wutar da na jefa wa iska

A wajenmu, mai shan taba da ya san ciwon kansa ba ya kunna ta a gaban manya. Ba ya sha a gaban surukai, ba ya sha a gaban 'ya'yansa, kuma in an ba shi girma a unguwa sai ya nemi lungu. Haka na yi shekaru: bayan gida, cikin mota, bayan masallaci in an watse, sannan a bi da goro ko alewa a kashe wari. A raina wannan ɓoyo ladabi ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa nake karewa da shi ba, mutane ko sunana, sai da na shiga jirgin ruwa.

Lokacin da na kammala karatu a Malesiya, maiɗakina ta zo bikin yaye mu. Na ce kafin mu koma gida bari mu ga teku. Muka tsallaka Singafo, muka shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa da ke bi ta mashigin Malaka, su tsaya a Penang, su ƙarasa Phuket ta ƙasar Tailan, su juyo. Jirgin gari ne guda mai hawa sama da goma, da gidajen abinci da wurin wanka da asibiti da kantuna. Na ƙara kuɗi na kama mana ɗaki mai baranda.

Kantunan jirgi a rufe suke muddin yana tasha. Sai ya yi nisa ya fita daga ruwan ƙasa ake ɗaga ƙofofinsu, domin a nan ne ake iya sayar da kaya ba tare da harajin kowace gwamnati ba. Dabarar ta samo asali ne daga filin jirgin sama na Shannon a ƙasar Ayilan, inda aka buɗe kanti irin wannan na farko a 1947, kuma tun daga nan taba da giya da turare ne jarin wannan ciniki. Dalilin a fili yake. A ƙasashe da yawa mafi yawan kuɗin kwalin sigari haraji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawara take bayarwa cewa haraji ya kai kashi 75 cikin ɗari na farashin. In aka cire shi, sai farashi ya faɗi warwas. Ni da na ga tsadar taba a Singafo kwana ɗaya kafin nan, ina ganin kuɗin da aka liƙa a jikin dami mai kwali goma, kara 200, sai na ji kamar tsintuwa na yi. Na sayi dami biyu a bayan idon maiɗakina. Mai kantin ta nuna mini wata sanarwa da ke kan teburinta tana bayani, na gyaɗa kai, hankalina yana kan yadda zan shigar da ledar ɗaki ba a gani ba.

Dokar shan taba a jirgin ba ɓoyayya ba ce. An faɗa mana lokacin atisayen ceto kafin mu tashi, an rubuta a takardar da ke kan teburin ɗaki, an manna a jikin ƙofar baranda da hoto ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Ba a sha a ɗaki, ba a sha a baranda, ba a jefa komai a teku. An ware wuri a gefe ɗaya na saman jirgi, a sarari, da kujeru da gwangwanayen toka masu murfi. Na je na duba wurin. Yana bakin hanyar da kowa ke bi zuwa cin abinci. A jirgin kuma mun haɗu da wani dattijo ɗan Kano da iyalinsa, har muna jam'in salla tare, yana ce mini Malam, yana tura ni gaba in ja. Na hango kaina zaune a can da kara a yatsa, Alhaji ya zo wucewa. Na juya.

Da dare ya raba, maiɗakina ta yi barci, na zare ƙofar baranda a hankali na fita. Duhu ne ko'ina, ba kowa sai ƙarar ruwa. Na ce a raina ai barandata ce, kuɗina na biya, kuma a jirgin nan aka sayar mini da tabar. Na sha. Da na gama na rasa inda zan kashe guntun ba tare da na bar shaida ba, sai na ɗalle shi da yatsa zuwa teku.

Bai faɗa tekun ba. Na gani da idona: jan garwashin ya yi gaba kaɗan, iska ta kwaso shi ta dawo da shi jikin jirgi, ya ɓace a ƙarƙashina ta wajen baya. Jirgi irin wannan yana tafiya ne da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa, kuma iskar da ke shafar jikinsa tana mayar da duk wani abu marar nauyi zuwa barandun da ke ƙasa. Na leƙa, ban ga komai ba. Da akwai wayar tarho a gefen gado, kira ɗaya ya isa a tura ma'aikaci ya duba. Na san haka. Amma kiran yana nufin in faɗi abin da na yi, maiɗakina ta farka ta ji. Na koma na kwanta. A cikin duk abin da ya faru, wannan kwanciyar ce ta fi tsaya mini a rai, domin jefa guntun ganganci ne na daƙiƙa ɗaya, kwanciyar kuwa shawara ce da na yanke da cikakken hankalina.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jami'in tsaron jirgi ne da shugabar masu gyaran ɗakuna. A hannunsa akwai 'yar leda da guntun tabar a ciki, da wani tawul da wuta ta ci ta huda, gefen ramin ya yi baƙi. An shanya shi ne a kan kujerar baranda a hawan da ke ƙasa da namu. Allah ya sa da danshi a jikinsa, wutar ta ci ta mutu da kanta. A ɗakin akwai mata da miji da yara ƙanana biyu. Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai kyamarori da ke kallon jikin jirgi dare da rana, ba sai na wahalar da kaina da musu ba. Aka rubuta mini tarar dala 250, na sa hannu a takardar gargaɗi cewa in na sake za a sauke mu a tasha ta gaba, mu nemi hanyar gida da kuɗinmu. Da zai fita ya tambaye ni ko na taɓa jin labarin jirgin Star Princess. Na ce a'a. Ya ce in nema in karanta.

Na karanta, kuma ina so duk mai niyyar shiga irin wannan jirgi ya san shi. A ranar 23 ga Maris 2006, wajen ƙarfe uku na dare, jirgin yana tafiya daga tsibirin Grand Cayman zuwa Montego Bay ta ƙasar Jamaika, ɗauke da fasinja 2,690 da ma'aikata 1,123, wuta ta tashi a wata baranda a hawa na 10. Hukumar binciken haɗurran teku ta Birtaniya ta ce mafi kusantar dalili shi ne guntun taba da aka yar, ya faɗa kan wani abu mai cin wuta, ya yi ta ci a hankali kusan minti 20 kafin harshen wuta ya tashi. Daga nan cikin 'yan mintuna ta haye hawa uku. Allunan da suka raba baranda da baranda na roba ne mai ci, kujeru da tebura ma haka, ga iska tana hura ta, kuma a wancan lokaci babu na'urar gano hayaƙi ko ta feshin ruwa a barandu. Zafi ya farfasa gilasan ƙofofi, baƙin hayaƙi ya cika ɗakuna da hanyoyi. Wani dattijo ɗan Amurka ya rasu, mutum 13 suka jikkata da shaƙar hayaƙi, ɗakuna 79 suka ƙone, wasu sama da 200 suka lalace. Bayan haka Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta gyara dokokinta, ta wajabta a riƙa yin allunan baranda da abin da ba ya cin wuta. Kamfanoni kuma suka bi da nasu: Princess ya hana shan taba a baranda a 2012, Royal Caribbean da Carnival da Norwegian suka biyo baya a 2014.

Wanda ya saba da ƙasa ba ya gane mene ne gobara a teku. A gida in wuta ta tashi, a fito waje a yi kururuwa, maƙwabta su kawo ruwa. A jirgi wajen shi ne teku. Mutum dubbai ne a cikin akwatin ƙarfe guda, da tsofaffi masu keken guragu da jarirai, kuma motar kashe gobara ba za ta zo ba. Shi ya sa ma ake karɓe dutsen guga da kyandir daga kayan fasinja tun a bakin shiga. Ni na ga an yi wa wata mata haka a gabana, na ce tsanani ne.

Maiɗakina tana tsaye duk lokacin da jami'in ke magana. Bayan sun fita ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, ai na daɗe da sani. Kayanka ni nake wankewa." Na rasa abin cewa. Ta ce, "Da a gaban duk mutanen jirgin nan ka zauna ka sha, da ya fi mini sauƙi a kan a ce 'ya'yan mutane sun ƙone saboda kada a gan ka." Ita ce ta ce sai na je na ba mutanen haƙuri. Na roƙi jami'in ya tambaye su ko za su yarda, suka yarda. Uban yaran ya saurare ni har na gama, ya ce ƙaramar 'yarsa ce ta shanya tawul ɗin bayan ta dawo daga wanka, kuma gadonta ne ke jikin ƙofar barandar. Bai ƙara komai a kai ba, ya miƙo mini hannu.

Ina da magana a kan masu jiragen, ko da yake ba ta rage mini laifi. Bai dace gidan da ya san taba ce babbar barazanarsa ya jera ta dami-dami a wuri mafi haske, da farashin da ke kiran mutum ya sayi abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa ba. Mai shan kwali ɗaya a kwana biyu, in ya ga kara 400 a cikin akwatinsa, shan sa ƙaruwa yake yi. Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2005, ta ambaci wannan ciniki da sunansa, ta buɗe wa ƙasashe ƙofar hana shi ko taƙaita shi. Abin da ke kashe mutum sama da miliyan 7 a shekara bai kamata a yi masa rangwame ba, a ƙasa ko a ruwa.

Sai a daren ƙarshe na koma kantin na karanta sanarwar da matar ta nuna mini. Rashin haraji a cikin jirgi bai shafi ƙasar da za ka sauka ba. Kowace ƙasa da adadin da ta yarda matafiyi ya shigar. Amurka da Birtaniya da Tailan kara 200 suka amince da shi. New Zealand 50, Ostareliya 25, Hong Kong 19 kacal, ko kwali ɗaya bai cika ba. Singafo kuwa tun 1991 ta soke rangwamen gaba ɗaya: ko kara ɗaya ka shigo da shi sai ka bayyana ka biya kuɗin fito, in ka ɓoye aka kama ka tara ce a kan kowane kwali. Tun Yulin 2020 kuma ba ta yarda a shigo da tabar da ba ta cikin irin kwalin da dokarta ta tsara, marar ado da tambarin kamfani. Sigarin lantarki ma haramun ne a can tun 2018, ko riƙe shi laifi ne.

Da muka sauka akwai hanya biyu a wajen kwastan, kore ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Alhaji da iyalinsa suna gabanmu, suka bi kore, ya waiwayo yana yafuto mu. Na ce masa, "Alhaji, ku yi gaba, ina da taba a jaka sai na bayyana." Ya dube ni, ya ce to Allah ya kyauta, za su jira mu a waje. Jami'ar kwastan ta juya kwalayen, ta ce ba su cika ƙa'idar ƙasar ba, ba za su shiga ba ko da na biya. Ta ba ni takarda na sa hannu, aka zuba dami biyun a akwatin kayan da za a lalata.